Sutura Daga Wurin Allah: Nazari A Kan Bege Bayan Shan Kunya

Karatu: Yowel 2:12-27, Yahaya 21:1-19

A shafin nazari na bana muna so mu duba wani al'amari wanda yake cikin gidaje da yawa, amma ba a cika ambatonsa a kan bagade ba, watau shan kunya, da alkawarin da Allah ya yi cewa zai kawar da shi daga jama'arsa. Za mu yi nazarin nan idanunmu suna kan Bompai da Sharaɗa da Challawa, gama daga can ne abincin gidaje da yawa a cikinmu ya fito, daga can kuma kunyar waɗansu iyayenmu ta soma.

Kunya Iri Biyu

Da farko sai mu raba kalmar, domin kada ɗalibai su ruɗe. A ƙasar Hausa kunya ado ce. Yaro mai kunya ba ya zura wa babba ido, amarya tana jin kunyar surukanta, uwa ma takan ji nauyin kiran sunan ɗanta na fari. In aka ce mutum marar kunya ne, an gama zaginsa. Wannan kunya muna roƙon Allah ya ƙara mana ita. Amma akwai wadda ake sha, kamar yadda ake shan magani mai ɗaci. Ita ce takan sa magidanci ya sake hanya don kada ya haɗu da mai kanti, ta sa mace ta daina zuwa Zumuntar Mata saboda ba ta iya sayen anko ba, ta sa ɗalibi ya sunkuyar da kai sa'ad da aka tambaye shi aikin ubansa. Saboda tsoronta ne kullum muke addu'a muna cewa, Allah ya rufa mana asiri. Ku riƙe kalmar sutura kuma, gama za mu komo kanta. A bakinmu sutura tana nufin tufafin da mutum ya sa, tana kuma nufin rufin asiri.

Yadda Jiniya Ta Yi Shiru

Ɗalibanmu na yanzu sun tarar da ƙofofin ƙarfe masu tsatsa da ciyawa a harabar kamfanoni, suna tsammani haka wuraren suke tun asali. Ba haka ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya buɗe cinikin gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga. A kan wannan ciniki aka kafa Bompai tun kafin samun 'yancin kai, da injinan matse man gyaɗa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Sharaɗa ta bunƙasa har ta kai kashi uku, aka kuma buɗe Challawa wajen Panshekara, kusa da kogin da ta ci sunansa. Aka yi masaƙu, da kamfanonin jima, da na robobi, da alewa, da sabulu, da kwanuka, da fulawa, har da na haɗa kekunan Raleigh a Bompai. Mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyukan Kano, da kudancin Kaduna, da Filato, da Bauci, da Adamawa, da Barno, da kudancin ƙasar nan. Musulmi da Kirista suka tsaya a gaban inji ɗaya. Da yawa daga cikin majami'un Hausa na Sabon Gari da Brigade da Panshekara, da zakkar waɗannan ma'aikata aka rufa musu kwano. Dattawanmu sukan ce a lokacin ba a bukatar agogo a unguwa, jiniyar canjin aiki ta isa.

Faɗuwar ba ta zo rana ɗaya ba. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, kayan gyaran inji suka yi wuyar shigowa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin da kowa ya sani da suna SAP, aka karya darajar naira. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, amma a 1993 sai da wajen naira 22 ake samun dala ɗaya a farashin gwamnati. Kamfanin da yake sayo sinadari da kayan inji daga waje, ina zai sa kansa? Ga wutar NEPA ba tabbas, ga baƙin mai na tukunyar tururi ya yi tsada. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi, atamfa mai araha daga Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙun gida suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, a nan Kano da kuma Kakuri ta Kaduna. Waɗansu da aka sallama suka sayi babur da kuɗin sallama suka shiga acaɓa. Sai ga harin 20 ga Janairu 2012, wanda ya taɓa hedkwatar 'yan sanda ta Bompai, ya kashe mutum fiye da 150 a cikin birni, iyalai da dama suka kwashe kaya suka bar gari. A Janairu 2013 kuma aka hana ɗaukar fasinja a babur. Mutum guda ya rasa sana'a sau biyu, ba tare da ya yi wa kowa laifi ba.

Ba duka ne suka mutu ba, a faɗi gaskiya. Kamfanin fulawa na Bompai, da waɗansu na jima da robobi, sun jure, injinan casar shinkafa kuma sun ƙaru. Amma wanda aka sallama yana da shekara 45, da 'ya'ya biyar a makaranta, wannan labari bai share masa hawaye ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ya faru a cikin gida. An sha ba da labarin magidanta waɗanda suka yi makonni suna fita da sassafe da kayan aiki, su zauna a gindin bishiya har yamma, domin ba su iya buɗe baki su gaya wa iyali an rufe kamfani ba. Ranar da ƙaramin yaro ya dubi ubansa da hantsi ya ce, "Baba, yau ba za ka aiki ba?" wannan tambaya ta fi takardar sallama nauyi. Mutumin da ya saƙa yadin da ya suturta dubbai, shi ne ya rasa na Kirsimatin 'ya'yansa.

Abin Da Annabi Yowel Ya Gani

Yanzu bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki. Littafin Yowel gajere ne, sura uku kaɗai, kowane ɗalibi zai iya karance shi a zama ɗaya. Annabin ya yi magana ne bayan fara ta sauka a ƙasar Yahuza. Mu a nan mun fi sanin fara a faranti, soyayya da yaji, amma kakanninmu da suka ga farar shekarun 1930 sun san ta da wata fuska dabam: takan rufe rana kamar hadari, ta sauka a gona da safe, kafin azahar sai kara tsaye. A sura ta fari Yowel ya ambaci fara iri huɗu, kowace tana cinye abin da ta gabanta ta rage. Duk wanda ya bi tarihin da muka kawo a sama, daga 1975 zuwa 2013, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan aya.

Ku lura da abu biyu a sura ta fari. Annabin ya kira manoma da masu gonar inabi, ya ce kunya ta rufe su (1:11), alhali ba su ne suka kira fara ba. Ya kuma ce hadayar gari da ta sha ta yanke daga Haikali (1:9), domin mutane ba su da abin kawowa. Ashe Allah ya san halin wanda faifan baiko ya zo gabansa ya wuce, hannunsa ba kome. A 2:17 firistoci suna kuka, suna roƙon kada al'ummai su mai da jama'ar Allah abin ba'a, har su riƙa tambaya ina Allahnsu yake. Wannan ita ce ƙarshen kunya ga mai bi, a dubi halin da kake ciki a raina Allahn da kake bauta wa.

Amsar Ubangiji tana cikin 2:18-27. Ya yi alkawarin hatsi da mai da ruwan sama a kan kari. Amma a aya ta 25 ya faɗi abin da ya fi wannan zurfi, ya ce zai rama musu shekarun da farar ta cinye. Mu tsaya a nan kaɗan. In ɓarawo ya sace akuya, ana iya biyan akuya. In gwamnati ta riƙe fansho, wata rana tana iya biya, ko da kuɗin ya riga ya lalace. Amma wa ya taɓa biyan shekara? Yaron da ya zauna gida shekara uku saboda kuɗin makaranta, sa'o'insa suka wuce shi, wane ofishi zai kai ƙara a mayar masa da su? Allah kaɗai ne ya isa ya yi irin wannan alkawari, gama lokaci a hannunsa yake. Sa'an nan a aya ta 26 da ta 27, sau biyu a jere, ya tabbatar musu cewa kunya ba za ta sake rufe mutanensa ba har abada. Malami ba ya maimaita magana a aji sai ya san ɗalibai za su yi wuyar gaskata ta.

Bege Da Fata

Kalmar da muka saba da ita a coci ita ce bege, waɗansu juyin Littafi kuwa suna cewa sa zuciya. Ta bambanta da fatan da muke yi kullum. Muna fata a kawo wuta da dare, mai yiwuwa a kawo, mai yiwuwa a kwana cikin duhu. An yi fata sa'ad da gwamnati ta ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu wajen 2010. An sake yin fata a 2020, da aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Waɗannan abubuwa ne masu kyau, ya kamata mu yi musu addu'a, mu kuma tambayi shugabanni inda aka kwana. Amma a Hausa mutum ake bege, kamar yadda ɗa yake begen uwarsa in tana nesa. Begen Kirista yana rataye ne a kan halin wanda ya yi alkawarin. Shi ya sa Bulus ya gaya wa Romawa (5:5) cewa irin wannan bege ba ya barin mai shi cikin kunya.

To, wane irin ramawa Allah yake yi? A nan muke so mu yi gargaɗi. Akwai masu wa'azi da sukan ɗauki Yowel 2:25 su ce wa mutum in ya ba da abin da ya rage a aljihunsa, kafin ƙarshen wata zai sami ninki bakwai. Idan wata ya ƙare ba a ga kome ba, sai su ce bangaskiyarsa ce ta kasa. Ga mutum da kunyar rashin aiki, an ƙara masa ta rashin bangaskiya. A ganinmu wannan zalunci ne, ko da an yi shi da Littafi a hannu. Abokan Ayuba ma haka suka yi, suka nace sai sun gano laifin da ya jawo masa masifa, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Almajirai kuma da suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya zunubin wa ya jawo, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba (Yahaya 9). Ma'aikacin masaƙa bai karya darajar naira ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa sau da yawa abin da aka mayar ba ya kama da na dā. Babila ta rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Bayan Sairus ya ba da izinin komawa a 538, aka sa harsashin sabon Haikali. Ezra 3:12-13 ya ce matasa suna sowa, tsofaffin da suka san Haikalin Sulemanu kuwa suna kuka da ƙarfi, har ba a iya rarrabe sowa da kuka ba. Haka yake in dattijo ya bi ta Sharaɗa ya ga tsohuwar masaƙarsu ta zama ɗakin ajiyar kayan waje, jikansa yana murna ya sami aikin dako a ciki. Allah bai tsauta wa tsofaffin nan ba. Ta bakin Haggai ya yarda cewa sabon ginin ba a bakin kome yake ba a idonsu, duk da haka ya ce su yi ƙarfin hali su yi aiki, gama yana tare da su. Cikin harabar wannan Haikali na biyu, bayan Hirudus ya faɗaɗa shi, Yesu ya koyar.

Akwai kuma wani ɗan labari a ƙarshen Sarakuna na Biyu (25:27-30) wanda ba a cika karantawa ba. Yekoniya, Sarkin Yahuza, wanda ake kuma kira Yehoyakin, ya yi wata uku kacal a kan sarauta, aka kwashe shi zuwa Babila. A shekara ta 37 ta bautarsa sabon sarkin Babila ya fito da shi daga kurkuku, ya tuɓe kayan sarƙa, ya riƙa cin abinci a teburin sarki har mutuwarsa. Masu tonon tarihi sun sami allunan yumɓu a kangon Babila masu ɗauke da sunansa da mudun man da ake ba shi da 'ya'yansa, an buga fassararsu a 1939, suna kuma gidan tarihi a Balin ta Jamus. Yekoniya bai koma gadon sarauta ba, bai sake ganin Urushalima ba. Amma ku buɗe Matiyu 1:11-12, za ku ga sunansa cikin jerin kakannin Yesu. Shekaru 37 ɗin nan an rama su ta hanyar da shi kansa bai rayu ya gani ba. Mai yiwuwa ramawar shekarun wani uba, tana zaune yanzu a aji uku tana karanta wannan shafi.

Rigar Fata

Mu komo kan sutura. Kunya ta fara shiga duniya ne a Farawa sura 3, kuma a can laifin na mutum ne. Adamu da Hawwa'u suka ɗinka ganyen ɓaure suka ɓuya. Ganyen ɓaure ba ya kwana biyu bai bushe ba, haka nan duk dabarun da muke yi na rufa wa kanmu asiri, ko ƙarya, ko bashi a kan bashi, ko kwalba. A aya ta 21 Allah da kansa ya yi musu tufafi na fata ya sa musu. Ya fitar da su daga gonar, hukuncin bai tashi ba, amma bai kore su tsirara ba.

'Ya'yan ma'aikatan Challawa sun san abin da ake nufi da fata. Ɗanyar fata in ta iso kamfani tana wari, ƙuda na binta, in aka bar ta kwana kaɗan ba gishiri sai ta ruɓe. Ana jiƙa ta, a sa ta cikin ruwan farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare naman da ya manne, sa'an nan a jeme ta. Majeman cikin birni da bagaruwa suke yi tun zamanin kakanni, kamfanoni kuwa da sinadarin kurom, wanda yake sa ta fito shuɗi-shuɗi. Daga nan ba ta ƙara ruɓewa. Fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar nan ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, a zamaninmu kuma ana kai ta Italiya da Sifen a yi takalma da jakunkuna masu tsada. Abin da muke so ɗalibai su gani shi ne, ba a samun rigar fata sai wata dabba ta mutu. Tun daga Farawa Allah ya nuna cewa suturar mai laifi tana da tsada, kuma ba mai laifin ne ya biya ba.

A kan gicciye aka biya. Romawa sukan tuɓe wanda za su gicciye, a bakin hanya, domin kunyar tana cikin hukuncin. Yahaya 19:23-24 ya ce sojoji sun raba tufafin Yesu kashi huɗu, suka jefa kuri'a a kan rigarsa ta ciki, wadda aka saƙa daga sama har ƙasa ba ɗinki. Tsohon ma'aikacin masaƙa zai gane darajar irin wannan saƙa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa (12:2) ta ce ya jure gicciyen, bai ɗauki kunyarsa a bakin kome ba. Saboda haka duk wanda ya zo wurinsa da sunkuyayyen kai, ya zo ne wurin wanda ya san ɗanɗanon abin.

Idan Laifin Namu Ne Fa?

Wani zai ce, "Malam, duk wannan na waɗanda ba su yi laifi ba ne. Ni kuwa da hannuna na jawo." Gaskiya ne, ba dukan kunyar Bompai da Sharaɗa ce ta zo daga SAP ba. Akwai wanda ya karɓi kuɗin sallama ya ƙarar a mashaya cikin wata uku. Akwai wanda aka kama da yadi a ƙarƙashin riga a bakin ƙofa. Akwai wanda ya ce wa matarsa zai je neman aiki Legas, har yau ba wasiƙa. A makaranta ma akwai wanda aka kora saboda satar jarrabawa, da yarinyar da ta bar aji saboda ciki. Ga irin waɗannan Yowel 2:13 ya ce zuciya ake so a kyakketa, ba riga ba. Tuba ta gaskiya takan kai mutum ƙofar wanda ya cuta.

Amma mu dubi Bitrus. Ya yi alfahari a gaban 'yan'uwansa cewa ko duka sun gudu shi ba zai gudu ba. A daren nan, yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi a gidan babban firist (Yahaya 18:18), ya yi musun Ubangijinsa sau uku, farkon ma a gaban baranya mai tsaron ƙofa. Bayan tashin Yesu daga matattu, sai muka ga Bitrus ya koma su a Tekun Galili, ya kwana yana jefa taru bai kama kome ba. Da gari ya waye Yesu yana bakin gaɓa, ya riga ya hura wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa (21:9). Sau biyu kaɗai Yahaya ya ambaci wutar gawayi a Bishararsa, kuma ba mu tsammani haɗari ne. Ubangiji ya komo da shi daidai wurin da ya faɗi.

Ku lura da yadda ya bi da shi. Ya ciyar da shi tukuna, kafin ya ce masa kome. Bai karanta masa laifinsa ba, bai kuma yi kamar ba abin da ya faru ba, gama sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, har Bitrus ya ji zafi a ta ukun. Kowace amsa kuma sai ya ɗora masa aikin kiwon tumakinsa. A gaban sauran almajiran aka yi wannan, domin su ma sun san abin da ya faru, dole su ji da kunnensu cewa an mayar da shi. Gafarar da aka yi a ɓoye takan bar mutum da kunyarsa a fili. A ranar Fentikos, kwana 50 bayan Idin Ƙetarewa, wannan mutum da baranya ta firgita shi ne ya miƙe a tsakiyar Urushalima ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Wane littafi ya buɗe? Yowel sura 2, daga ayar da take biye da alkawarin kawar da kunya.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

In Allah mai suturtawa ne, ikilisiyarsa ba ta da izinin zama mai tonon asiri. A nan akwai abubuwan da ya kamata mu sake dubawa. Karanta sunayen masu ba da gudummawa da adadin kuɗinsu a gaban jama'a ya kori magidanta da yawa daga sujada, ba wanda ya bi sawunsu. Kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a filin taron safe, al'ada ce da ta yaɗu a makarantu. Mun sani makaranta ba ta tafiya sai da kuɗi, malamai ma suna da iyali, amma ana iya kiran uba a ofis a yi magana a rufe, maimakon a tsayar da yaro ɗan shekara 13 a gaban ɗaruruwa saboda bashin da bai ci ba.

Horon ikilisiya kuma yana da wurinsa, ba mu ce a soke shi ba. Amma kujerar baya ba gidan zama ba ce. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa (2 Korintiyawa 2:6-8) a kan wani da aka hora, ya ce horon ya isa haka, su yafe masa, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Yadda aka sanar da horo a fili, haka ya kamata a sanar da ƙarewarsa a fili, da murna, sa'an nan a ba mutumin aiki kamar yadda aka ba Bitrus. Sau nawa kuma yarinya takan zauna a kujerar nan ita kaɗai da cikinta, saurayin yana gaba yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa? Dattawan ikilisiya su amsa wannan.

Dole mu yaba wa iyayenmu mata. Sa'ad da jiniya ta yi shiru, su ne suka riƙe gidaje da tuyar ƙosai, da ƙunun zaƙi, da ɗinki, da adashi. Waɗansunsu sukan miƙa wa maigida kuɗin cefane a ɗaka, domin ya fito ya bayar da hannunsa a gaban yara. Ba su karanta tauhidi ba, amma sun fahimci Farawa 3:21.

Ku kuma ɗalibai, ga aikin hutu. Wanda ubansa, ko kakansa, ko uwarsa ta taɓa aiki a Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa, ya sami lokacin da gida ya yi shiru, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ina so ka ba ni labarin aikinku na kamfani." Ku tambaye shi shekarar da ya shiga, da injin da ya riƙe, da abin da ya saya da albashinsa na fari, da sunayen abokan aikinsa, Musulmi da Kirista. Kada ku fara da ranar sallama, in ya ga dama shi zai kai ku can. In yana da tsohon katin shaidar aiki a ƙasan akwati, ku roƙa ya nuna muku. Waɗanda iyayensu suka riga mu gidan gaskiya, su tambayi wani dattijo a majami'arsu. Ku rubuta abin da kuka ji a shafi biyu, sa'an nan ku karanta masa Yowel 2:21-27 da Hausa, a hankali. Ku zo da rubutun a makon farko na sabon zango, za mu karanta waɗansu a taron FCS na yammacin Lahadi, amma ba za a ambaci sunan kowa ba sai da izinin mai labarin.